An Zo Dambe, An Tarar da Dara

Ranar 1 ga Afrilun 2019, kamfanin Sega na Japan ya saki wani gajeren bidiyo na wasansa Yakuza. A ciki, maimakon jarumi ya shaƙo wuyan ɗan daba ya haɗa kansa da bango kamar yadda aka saba tun 2005, sai aka ga kowa ya ja ya tsaya yana jiran a zo kansa. Ka zaɓi irin dukan da za ka yi daga jerin rubutu, ka yi, sannan ka tsaya a rama. Mutane suka yi dariya, don kowa ya san ranar ta tsokana ce, wadda kamfanoni ke sakin labaran ƙarya don raha. A ƙarshen watan Agusta sai Sega ya ce ai da gaske yake, haka wasa na gaba zai kasance. Nan dariya ta ɗauke. Aka yi ta danna alamar ƙi a YouTube, ana cewa an kashe Yakuza, an ci amanar masoya.

Duk wanda ke bibiyar harkar wasannin bidiyo ya san wannan rigima, don ba shekarar da za ta wuce ba a yi ta ba. Kamfani ya ɗauki sunan da mutane suka sani, ya sauya wa wasan salo gaba ɗaya, masoya su tayar da jijiyar wuya. Ni dai a mafi yawan lokuta ina bayan masu sauyi, kuma ban yarda ihun ranar farko ya zama alƙali ba. Amma ban yarda da masu cewa fushin masoya shirme ne ba. Fushin nan ba ya iya gaya maka ko sabon wasa zai yi kyau, a nan ya sha faɗuwa ƙasa warwas. Abin da yake gaya maka, kuma da wuya ya kuskure, shi ne mutane sun hango za a binne musu abin da suke so.

Sai an san abin da aka taɓa kafin a gane zafin. Manyan wasanni bakwai aka yi da Kazuma Kiryu, wani tsohon ɗan ƙungiyar yakuza marar yawan magana, yana yawo a Kamurocho, unguwar da aka kwaikwayo daga Kabukicho ta birnin Tokyo. Daɗin wasan a yatsu yake. 'Yan iska su tare ka a lungu, ka kauce, ka kai naushi, ka ɗauki keken wani da ke jingine ka rafka musu. Shekara 14 mutane na wannan, sai rana ɗaya a ce daga yau faɗa bi-da-bi ne. Kamar mutum ne ya biya kuɗin shiga gidan dambe, ya samu wuri ya zauna yana jiran kalangu ya tashi, sai ya ga an share fili ana haƙa gurbin dara. Dara ba abin rainawa ba ce, amma ba ita ta fito da shi daga gida ba.

Da wasan ya fito a 2020, sai ga shi masu shirya shi sun san abin da suke yi. Sabon jarumi, Ichiban Kasuga, mutum ne da ya taso yana buga Dragon Quest, uban wasannin bi-da-bi na Japan. Ya yi shekara 18 a kurkuku kan laifin da bai aikata ba, don kawai ya rufa wa ubangidansa asiri. Ya fito ya haura shekara 40, babu mai jiransa a bakin ƙofa, ƙarshe ya farka a cikin marasa matsuguni a Yokohama da harsashi a ƙirji. Mutum ne mai ɗaukar kansa jarumin tatsuniya, don haka faɗan titi ma a idonsa yake rikiɗa ya koma irin na Dragon Quest. Kiryu shi kaɗai yake dukan mutum goma. Ichiban ba ya iya komai sai da abokai: Nanba, tsohon ma'aikacin jinya da ke kwana a titi, wanda makaminsa har da watsa tsaba tattabaru su far wa abokin gaba, da Adachi, ɗan sandan da aka kora daga aiki. In kana son sauya wa ɗayansu salon faɗa, ofishin neman aiki za ka kai shi. Labarin mutanen da duniya ta yar suka haɗa kai ne, kuma salon bi-da-bi shi ne ke ba ka damar riƙe su huɗu a lokaci guda. Sauyin daga cikin labarin ya tsiro. Da na biyunsa, Infinite Wealth, ya fito a Janairun 2024, cikin mako ɗaya ya haura kwafi miliyan 1, abin da babu wani Yakuza da ya taɓa yi da wannan sauri.

Masu kare kamfanoni a nan suke kafa hujja, kuma ba zan rage mata ƙarfi ba. Suna cewa sabo turken wawa ne, tarihi cike yake da ihun da ya koma tafi. Da Nintendo ya miƙa Metroid ga wani sabon kamfani a Texas mai suna Retro Studios, aka kuma ji cewa za a daina kallon jaruma Samus daga gefe, za a riƙa gani ta cikin hular kwanonta, an yi ta Allah wadai. Metroid Prime ya fito a 2002, yana da maki 97 cikin 100 a Metacritic. Da kamfanin Larian na Beljiyam ya mayar da Baldur's Gate 3 bi-da-bi, an ce ai wasansu na Divinity ne suka sa wa rigar aro. Shi ya lashe kyautar wasan shekara a 2023. To, in ji su, me ya sa za a saurari mutanen da kullum sai sun yi kuka kafin su ɗanɗana?

Matsalar wannan lissafi ita ce na waɗanda suka tsallake rijiya ne kawai. Waɗanda suka faɗa ciki fa? Command & Conquer 4 ya fito a 2010 an cire masa gina sansani, wato ƙashin bayan wasan tun 1995, kuma daga shi ba a sake yin babban sabon wasa a jerin ba. Syndicate, wasan dabara na 1993, ya dawo a 2012 a matsayin wasan harbi, ya nutse ko kumfa bai bari ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Banjo-Kazooie. Masoya sun jira shekara 8 tun 2000 su sake ganin beyar nan da tsuntsuwarsa suna tsalle-tsalle da tsince-tsince. A 2008 kamfanin Rare ya ba su Nuts & Bolts, wasan harhaɗa motoci da jirage. Abin bai tsaya nan ba, da ba'a ma ya buɗe: an nuna Banjo ya yi teɓa, ana zolayar tsohon salon da cewa ya tsufa. Wasan ba shi da laifi, har ma da wasan Zelda na Nintendo ya kawo harhaɗa ababen hawa a 2023 mutane da yawa sun tuna da shi. Amma ka yi wa mutum dariya kan abin da ya zo saye, sannan ka miƙa hannu ya ba ka kuɗi? Tun daga lokacin Banjo bai sake samun sabon wasa ba.

Ihun da aka yi wa Metroid Prime da wanda aka yi wa Nuts & Bolts kusan iri ɗaya ne. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a harkar gem Laraba ta sha yin ƙarya. Saboda haka in kana son sanin ko wasa zai yi kyau, kada ka tambayi masu ihu. Sai dai ruwa ba ya tsami banza, kuma Metroid kansa ya isa misali.

A watan da Metroid Prime ya fito a Amurka, Nintendo ya saki Metroid Fusion, mai tsohon salon kallo daga gefe. Wanda bai so sabo ba yana da inda zai nufa. A 2015 kuwa, bayan shekara 5 babu Metroid ko ɗaya, sai kamfanin ya nuna Federation Force, wasan harbi na mutum huɗu da wasu sojoji masu manyan kawuna, Samus kuma ba ita ake sarrafawa ba. Dubban mutane suka sa hannu a takardar neman a soke shi. Jeri ɗaya, kamfani ɗaya, sauyi duka biyun. Bambancin shi ne a 2002 an ƙara wa mutane kwano ne, a 2015 kuma da yunwa aka same su aka ce wannan ne abincin. Sega ya gane haka. Da ya mayar da Yakuza bi-da-bi, bai rufe gidan dambe ba: Lost Judgment a 2021 da wasan Kiryu na 2023 duk da naushi kai tsaye suka zo. A cikin Infinite Wealth ma, in ƙarfin Kiryu ya cika, sai ya fasa layin bi-da-bin, jerin rubutun ya ɓace, ka koma duka da yatsunka na 'yan daƙiƙu kamar da. Wannan gaisuwa ce ga tsofaffin masoya, kuma sun amsa.

Wanda bai gane ba shi ne Blizzard. A taronsa na BlizzCon a Nuwamban 2018, mutanen da suka biya kusan dala 200 kuɗin shiga, ban da jirgi da masauki, akasarinsu masu wasa a kwamfuta, sun zauna suna jiran labarin Diablo na huɗu, shekara 6 bayan na uku. Aka rufe taron buɗewa da Diablo Immortal, wasan waya. Wani ya tashi ya tambaya ko tsokanar 1 ga Afrilu ce ta zo ba a lokacinta ba. Wani ya tambaya ko zai zo kwamfuta, aka ce babu wannan shiri, zaure ya ɗauki ihu. Sai Wyatt Cheng, ɗaya daga cikin jagororin aikin, ya ce musu: wai ba ku da wayoyi ne? Suna da wayoyi mana. Abin da ba su da shi shi ne tabbacin cewa Diablon da suka sani yana nan da rai. Yana nan kuwa, ana aikinsa, a taron shekara mai zuwa aka nuna shi. Da an faɗi haka a ranar ko da a jimla ɗaya ce, da rabin wutar ba ta tashi ba.

Akwai masu cewa duk wannan surutu ne, kasuwa ce alƙali. Diablo Immortal ya tara sama da dala miliyan 100 cikin makonni 8 da fitowarsa a 2022, to ina masu ihun? Wannan hujja ita ce na fi ƙi, domin tana ɗauka cewa in sabo ya yi kasuwa, mai kukan ya yi kuskure ke nan. Sau da yawa ma nasarar ce ke tabbatar da tsoronsa. Warcraft, wanda shi ma na Blizzard ne, wasan dabarun yaƙi ne tun 1994: ka sari itace, ka haƙo zinariya, ka gina bariki, ka tura runduna. A 2004 aka mayar da shi World of Warcraft, duniya guda a intanet inda kowa ke da jarumi ɗaya, kuma a 2010 masu biyan kuɗin wata sun kai miliyan 12. Nasara ce da ba a taɓa gani ba. Amma Warcraft na uku a 2002 ya fito, na huɗu har yau shiru. Wanda ya ce a 2004 yana tsoron sabon zai cinye tsohon, ƙarya ya yi?

Haka Fallout. Na 1997 da na 1998 daga sama ake kallonsu, faɗa bi-da-bi, magana da zaɓi su ne jigo. Bethesda ya sayi sunan a 2007 kan dala miliyan 5.75, ya fitar da Fallout 3 a 2008 ana gani ta idon jarumi. Tsofaffin masoya suka ce ai Oblivion ne, wasan takubba na kamfanin, aka ba shi bindiga. An yi musu dariya, wasan ya yi kasuwar da na farko ba su taɓa mafarki ba, ni ma ina ganin wasa ne mai kyau. Sai dai miliyoyin da suka saya galibi sababbin mutane ne. Ba a shawo kan tsofaffin ba, yawa aka fi su. Kashin dankali ke nan, babba ya danne ƙarami, sannan a ce wa ƙaramin ai ka ga ba ka da gaskiya.

To ai kayansu ne, in ji wasu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne, kuma mai fasahar da aka tilasta wa maimaita abu ɗaya shekara 20 ƙarshe gawa zai riƙa sayarwa. Tambayar da nake yi ita ce, wane ne a cikin ɗakin ya nemi sauyin? Mai zane da mai labari ne, ko mai lissafin riba? A 2010 kamfanin 2K ya ce zai dawo da XCOM, wasan dabara na 1994, a matsayin wasan harbi, domin harbi ke tashe a lokacin. Shugaban kamfanin, Christoph Hartmann, har ya fito ya ce wasannin dabara ba na zamani ba ne. A 2012 wani reshe na kamfanin nasa, Firaxis, ya fitar da XCOM: Enemy Unknown, bi-da-bi kamar na asali, ya samu yabo da kasuwa har ya farfaɗo da salon gaba ɗaya. Na harbin ya yi ta jan ƙafa, ya fito a 2013, ba a daɗe ba aka manta da shi. Shekaru bayan haka Naoki Yoshida, jagoran aikin Final Fantasy XVI, ya kare mayar da shi wasan sara da suka kai tsaye da cewa matasa da yawa ba sa son zaɓen umarni daga jerin rubutu. A 2025 wani ƙaramin kamfani a Montpellier ta Faransa ya fitar da Clair Obscur: Expedition 33, mai bi-da-bi, wanda masu shi ba su ɓoye cewa daga tsofaffin Final Fantasy suka sha nono ba. Ya sayar da kwafi miliyan 3.3 cikin kwana 33. Duk lokacin da wani babba ya ce mutane sun daina son abu kaza, ina so in san su wa ya tambaya.

Su ma masoya suna da wata magana da suke yawan yi: ku yi sabon wasanku, amma ku sa masa wani suna. Tana da daɗin ji, sai dai ba ta duba kuɗi ba. Babban wasa a yau yana cin shekara 5 ko fiye da ɗaruruwan ma'aikata, ba mai zuba irin wannan dukiya a kan sunan da ba a sani ba in yana da wanda aka sani a aljihu. Na fahimci wannan. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka ci moriyar suna, ka ɗauki alkawarin da ke cikinsa. Ba sai mun je nesa ba, duk mai shiga gidan gem a Kano ko Maraɗi ya ga wannan da idonsa. EA ya rabu da sunan FIFA bayan shekara 30, ya koma EA Sports FC a 2023, ba wanda ya fasa bugawa don ƙwallon ita ce dai. Konami kuwa a 2021 ya rushe PES ya kawo eFootball, kyauta amma jingine da intanet, da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan, babu Master League, fuskokin 'yan wasa kamar an zana da gawayi. Ya zama wasan da ya fi kowane shan suka a Steam a lokacin, har kamfanin ya ba da haƙuri. Mai shagon da ke sayen man janareta da data ba ya buƙatar sharhi kafin ya ci gaba da kunna tsohon PES ɗinsa. Mutane suna yafe sauyin suna. Abin da ba sa yafewa shi ne ungulu da kan zabo.

Wannan ba wanke masoya ba ne. Mutum ya ga bidiyon minti biyu ya yanke hukunci kan aikin shekara biyar. Ya je ya ba wasan da bai taɓa ba maki sifili. Ya ce wa wanda ya ji daɗin sabon salo ai kai ba masoyin gaskiya ba ne, kamar shi aka ba ajiyar rajista. Mafi muni, a bi ma'aikaci ɗaya da zagi da barazana, alhali shawarar a saman bene aka yanke ta, shi aikensa aka yi ya faɗa. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma yana yi wa kamfani daɗi, don yana ba shi damar haɗa mai hujja da mai hauka ya watsar da su tare.

Ana kuma cewa dokin mai baki ya fi gudu, masu kukan tsohon salo ba sa saye. An gwada wannan. A 2012 Brian Fargo, wanda ya kafa Interplay, kamfanin da ya yi Fallout na farko, ya nemi dala 900,000 a Kickstarter don yin Wasteland 2 a irin tsohon salon. An tara masa kusan miliyan 3. A 2015 wasu tsofaffin ma'aikatan Rare suka nemi kuɗin yin Yooka-Laylee, magajin Banjo, aka ba su sama da fam miliyan 2. Mutanen da aka ce ba su da yawa, ba su da kuɗi, sun biya tun kafin a yi wasan.

Yanzu abin ya zo wani wuri mai ban mamaki. Microsoft ya sayi Rare a 2002. Ya sayi inXile, kamfanin Fargo, da Obsidian, wanda tsofaffin ma'aikatan Fallout 2 suka kafa, a 2018. Ya sayi Bethesda a 2021 kan dala biliyan 7.5, sannan Activision Blizzard a 2023 kan kusan biliyan 69. Wato sunan Fallout da mutanen da suka iya yin sa a tsohon salo suna gida ɗaya. Warcraft yana gidan, tare da Age of Empires da ke nuna cewa wasan dabarun yaƙi bai mutu ba. Banjo ma yana nan. A da ana iya cewa haƙƙin mallaka ne ya hana, ko rashin kuɗi, ko salon ba ya kasuwa. Baldur's Gate 3 ya rushe na ƙarshen, sayayyar nan ta rushe biyun farko. Ƙaramin Fallout mai kallo daga sama ba zai ci kuɗin da babba ke ci ba, kuma ba zai hana Bethesda yin nasa ba. Ina son jin uzurin da ya rage.